Rabin Ekar Kellu

"Kellu ta Gafasa," in ji Barau malamin gona. Ya dakata, ya matso da takardar kusa da idonsa. "Buhu, babu."

Dariya ta ɓarke a layin masu karɓar takin zamani a bakin kasuwar Ajingi. Ba ta mugunta ba ce. Wata uku ke nan Kellu ta hana kowa sakat da zancen ɗanta Kashim, mai aiki da kwamfuta a Kano, wanda shi ya tsara rabon takin bana, na 1977, buhu ɗaya ga kowace eka. Ga shi nan tsaye kusa da Barau, da farar riga da alƙalami biyu a aljihu. Damina kuwa ta kankama, kuma gonarta, rabin eka, ta gaji, in ba taki geron bana ba zai yi ba.

Kashim ya karɓi takardar ya bi sunaye da yatsa. Duk wanda gonarsa ba ta cika eka ba, sifiri. Mai eka biyu da rabi, an ba shi na biyu. Kunya ta rufe shi.

Kellu ta jawo shi gefe. "Me na yi wa injin naka?"

"Inna, yaren da na yi masa magana da shi ne. Yarukan suna da yawa. In kin ce wa Hansai ta auna, me take ɗauka?" Hansai ƙanwarsa ce, mai taya ta talla.

"In gero ne tiya, in man gyaɗa ne kwalba. Ai tana da ido."

"To akwai yare, Algol, haka yake. Umarni ɗaya, shi zai dubi abin da aka miƙa masa ya zaɓi ma'auni. In kuma aka ce ya zuba rabi a gurbin da sai cikakke, tsayawa yake cak, sai an faɗa masa yadda za a yi da ragowar. Ni da Fortran na yi. Shi kowane ma'auni sai an kira shi da sunansa. Na sa eka a gurbin cikakkun lambobi, ya zubar da rabin, bai ce uffan ba."

"Ka ga mai tambaya, ka ɗauki mai tauye mudu?"

"Ya fi sauri, shi na fi iyawa."

"Sauri ya haifi nawa," in ji ta.

Barau ya raɓo, ya yi ƙasa da murya. "Malam Kashim, ka ce inji ne ya yi kuskure. Wa zai je Kano ya tambaye shi? Na Inna zan fitar mata ta bayan fage."

Kashim ya dubi layin. Yawancin masu sifirin tsofaffi ne da matan da mazansu suka rasu. Ya hau benci.

"Jama'a, ku yi haƙuri. Inji abin da aka gaya masa yake yi. Ni na gaya masa ba daidai ba."

Ya sauko ya zare alƙalami. Daga hantsi har la'asar yana gyara sunaye ɗaya bayan ɗaya, masu sifiri arba'in da uku, ban da waɗanda aka rage wa. Na uwarsa ya bari sai ƙarshe, kuma ba ta ce masa don me ba.

Rabin buhun nata ta hana kowa ɗauka. Ta yi gammo ta aza a ka, ta bi ta tsakiyar kasuwa, alhali tashar motar Gafasa tana nan kusa. A rumfar masu daddawa Kashim ya ji tana cewa, "Injin nan na Turawa tauye mudu yake yi. Ɗana ne ya kama shi."

"Inna, ai na ce laifina ne."

"Naka ka faɗa a kan benci, duk kasuwa ta ji," in ji ta, ko waiwaye ba ta yi ba. "Wannan nawa ne."