Gadon Baron

Nomau ya aiko 'yarsa Rakia ta kira ni bayan la'asar. Ƙofarsu na kallon tawa a lungunmu na Hindawiyya, a Jidda. Na sa takalmi na haura.

Yana kwance, ƙafafu a kumbure, na'urar sanyi tana ɗiga cikin bokiti. A bango ga farar kwat mai maɓallan tagulla, wadda yake sawa lokacin da yake kuku a gidan wani Bature a unguwar Ruwais. Baturen mai sarautar Baron ne. Da ya koma ƙasarsu sai sunan ya zauna wa Nomau. Har mai baƙala, kantin lungunmu, Baron yake ce masa. Ni ban taɓa ba.

"Usuman, zauna. Ka san mene ne Baron?"

"Ka sha gaya mini."

"Ƙara ji. Asalinsa mayaƙi ne. Sarki ya yanka masa ƙasa, in yaƙi ya tashi shi kuma ya kawo mazaje. In ya mutu, babban ɗa ke ɗaukar suna da ƙasa. Ba a rabawa."

"Ƙannen fa?"

"Su shiga soja."

"Matan?"

"Su yi aure."

Rakia na tsugune tana shafa masa mai a ƙafa. Mijinta ya rasu. Ita ke juya uban, ita ke kwashe fo. Ba ta ɗago kai ba.

"Maigidana ya yi kuka a kicin, a gabana," in ji Nomau. "Sun bar al'adar, sun raba gidan kakansu. Yanzu otal ne, baƙi ke kwana a ɗakin uwarsa. Gidana na Damagaram ba za a yayyanka shi ba. Na ɗana Hassane ne duka. Kai ne shaida."

"Wancan sarki ya ba shi. Kai tukunya ta ba ka."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Rakia ta ɗaga kansa ta ba shi ruwa.

"Kai dai ka ji."

"Na ji."

Ya rasu ranar Talata da hantsi. Ni na yi masa wanka. Muka sallace shi bayan azahar muka kai shi. Kabarin babu suna, kamar na kowa a nan.

Iƙamar Rakia, takardar izinin zamanta, a kan uban take. In ta ƙare, Damagaram za ta nufa da 'ya'yanta, kuma ba ta da wani wurin sauka sai gidan uban na can.

Da aka tashi zaman ta'aziyya, Hassane, babban ɗan, ya same ni a bakin ƙofa, makullin mota a yatsa. A Jidda aka haife shi. Bai taɓa ganin gidan Damagaram ba sai a hoto. Samarin lungu har sun fara ce masa Baron.

"Ya ammi," ya ce, yadda 'yan Jidda ke kiran baffa, "Kawu Abdulghani ne zai yi rabo a can. Ka faɗa masa abin da Baba ya ce, halas."

Na ɗaga kai. A saman rufi Rakia na shanya zanen gadon da uban ya cika a kai. Iska na ƙwacewa, tana sake maƙalawa.

"Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji."

"To yalla."

Ya danna lambar Kawu a waya ya miƙo mini. Tana ƙara. Hannuwana suna kan gwiwa, na bar su a nan.

"Ba zan yi shaida ba."