Tayi Na Biyu

Ƙarar ta fara ne bayan sallar isha, daidai lokacin da aka ɗauke wuta a Dutsen Kura. Ƙaras, ƙaras, ƙaras. Sai ta tsaya kamar mai sauraro, sai kuma ta ci gaba.

Baba Ndatsu ya ɗaga kai daga matashi. Shi mutum ne mai tara sauti, kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kwalabe. Shekarun da ya yi yana duba layin dogo sun goge masa kunne. Ya san kukan ƙarfen da ya tsage, ya san bambancin cin gara da cin ɓera, ya taɓa ɓata hantsi guda yana sauraron sabuwar randa tana shan ruwa. Amma wannan ƙarar bai san ta ba.

Ya ɗauki tocila da sanda ya bi ta har ɗakin ajiya. A bayan buhun shinkafa ya haske jikarsa Nabila, zaune a kan akwatinta, ta rungume wani kwali mai hoton zakara, kumatunta cike.

Nabila 'yar ɗansa Zikrullahi ce, wanda ke aikin jinya a Ingila. Can aka haife ta, shekararta bakwai, kuma wannan ne zuwanta Minna na farko. Iyayenta sun tafi Abuja kan sha'anin takardu sun bar ta wurin kakanninta, jibi da sassafe za su biyo su wuce da ita filin jirgi. Tun zuwanta ba wanda ya ga ta ci abin kirki. Kakarta, Hajiya Rukayat, ta tuƙa tuwon shinkafa, ta kaɗa miyar kuɓewa da busasshen kifi irin na mutanen Bida. Yarinyar ta dubi kan kifin, kan kifin ya dube ta, ta ce, "No tankyu." Hajiya ta ce kunya ce, ta ƙara mata malmala. Da ta sake faɗa, aka ƙara miya. Haka ake yi kullum har sai ta fashe da kuka.

Yanzu ga ta cikin hasken tocila. Ta haɗiye abin da ke bakinta, ta zura hannu har gindin kwalin, ta ɗebo wasu 'yan fale-falen abubuwa masu launin masara, ta miƙo masa. Ta faɗi wata magana ta hanci, wadda bai kama komai a ciki ba sai "Ndako", wato kaka da Nufanci, kalma ɗaya tak da ubanta ya koya mata.

Zuciyar tsohon ta yi fari. Amma ya yi abin da aka koya masa tun yana yaro, in an yi maka tayin abinci. Ya dafa ƙirji ya ce, "A'a, a'a, alhamdu lillahi. No." Ya tsaya yana murmushi, yana jiran tayi na biyu.

Ba a yi ba. Yarinyar ta dubi hannunta, ta mayar da abin cikin kwali, ta rufe, ta raɓa ta gefensa ta shige ɗaki.

Da gari ya waye ya tsallaka gidan da ke kallon nasu. Malama Kafayatu, Bayarbiya 'yar Offa, tana koyarwa a firamare, ranar Asabar kuma tana suyar ƙosai a ƙofar gida. A kan bencinta akwai Altine mai nono, ta sauke ƙwarya tana hutawa.

"Baba, ina kwana. Yaya amaryanka? Ya ci tuwo?" in ji Kafayatu, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji.

"Amarya tana cin abincin kaji a ɓoye. Da idona na ga hoton zakara a jikin kwalin." Ya zauna. "Turanci na zo ki koya mini, yau-yau. Ina da nawa, amma na reluwe ne. Yessa, nossa, kamin sa. Ba a tambayar yaro abin da yake so da shi."

Ta juya ƙosai tana dariya. Ta ce ya fara da uku. Ai laik, ina so. Ai don laik, ba na so. Du yu laik, kana so?

Ya juya su a baki kamar goro, sannan ya fuskanci Altine. "Du yu laik kifi?"

"Fish," in ji Kafayatu.

"Du yu laik fish?"

"Allah ya tsare ni," in ji Altine. "Abin da ya kwana ya tashi cikin ruwa kuma yake ƙarni? In kogi bai wanke shi ba, ba ni zan iya ba."

"To ki ce ai don laik."

"Ba zan ce ba. Kai ke da jika Baturiya."

Kafayatu ta ce in zai ba da labarin Altine, sai ya ce shi dazin laik fish, domin a Turanci mace ake kira shi. Baba Ndatsu ya dube ta ya ce, "Ashe a wurinsu kika koyo." Sai da ta ajiye matsami don dariya.

Suka bi kayan abinci ɗaya bayan ɗaya. Shinkafa rais, nono milk, masara kon. Abin ya fara yi masa daɗi, har ya kusa manta abin da ya kawo shi. Ya ce, "To yauƙi fa? Yaya zan ce mata daɗin kuɓewa yana cikin yauƙinta?"

Kafayatu ta ɗan yi tunani. "Akwai kalma, Baba, amma ba na yabo ba ne. Da shi suna kwatanta majina, da jikin dodon koɗi."

"Ƙasa guda, ba su da kalmar kirki ta yauƙi? To da me tuwonsu ke wucewa?"

"Ba su da tuwo. Kuma dodon koɗi ma, ni ina ci. In ya sha barkono..."

"Ai don laik!" Maganar ta fito masa kafin ya shirya ta.

"Ka gani? Ka iya."

Ta ce amma Turawan suna da wata kalma ta yabo, ta abin da ke ƙara a baki in ana tauna shi. Kuranci. Baba Ndatsu ya lumshe ido ya maimaita. Kuranci. Kalmar da kanta tana yin ƙarar da take nufi. Ya ce wannan ita ce ya ji jiya, sai ya kwashe labarin ɗakin ajiya ya faɗa musu, har zuwa inda yarinyar ta rufe kwalinta.

"Rowa dai," in ji Altine. "Tayi ɗaya, kamar an yi wa maƙiyi?"

Kafayatu ba ta yi dariya ba. Ta ce yayarta tana can Ingila tana aikin kula da tsofaffi. Farkon zuwanta, wata tsohuwar Baturiya ta yi mata tayin shayi da burodi, ga yunwa tana cin ta, ta ce a'a don ladabi. Tsohuwar ta ce to, ta zauna a gabanta ta cinye tas.

"A can, Baba, a'a a'a ne. Sau ɗaya ana tambaya. Yarinyan nan ya ba ka abin da ya rage masa, ka ce ba ka so. Shi kuma kullum yana faɗa muku gaskiya, kuna ƙara masa miya."

Baba Ndatsu ya daɗe yana kallon mai yana tafasa. Ashe a gidansa akwai a'a iri biyu, suna ta wucewa ta gefen juna kamar jirage a kan layi daban-daban.

Ya tari Keke Napep zuwa Kasuwar Kure. A ranar masu tebur sun ga abin mamaki: tsoho da farar hula yana bi yana ɗanɗana kaya ido rufe, ya karkatar da kai gefen hagu, inda sauran haƙoransa suka taru. Soyayyar gyaɗa ta yi taushi. Aya tana ƙara, amma ƙararta jiƙaƙƙiya ce. Ƙuli-ƙuli mai kauri ya ce ƙwas, kamar an karya icce. Sai a wurin wata Banufiya ya sami siriri, dogo kamar yatsa, marar barkono. Ya gatsa. Ƙaras.

"Kuranci," ya ce mata.

"Na'am, Baba?"

"Ƙulla mini."

Bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron tsakar gida, ya juye ƙuli-ƙulin a faranti. Bai kira kowa ba. Ya dai shiga ci, yana buɗe baki don ƙarar ta fita sosai. Ba a jima ba labule ya motsa. Nabila ta fito ta tsaya nesa kaɗan, hannuwa a baya.

Ya ɗaga ɗaya. "Nabila. Du yu laik?"

Idanunta suka buɗe jin Turanci a bakinsa. Amma ta ja da baya. "No tankyu."

Hannunsa ya so ya ƙara miƙewa da kansa. Harshensa ya riga ya ɗauko "haba, ɗan taɓa mana". Daga madafa Hajiya ta ɗaga murya, "Malam, ka matsa mata mana! Haka za ta koma, uwarta ta ce mun bar ta da yunwa?"

Ya mayar da ƙuli-ƙulin cikin faranti. Ya ce, "Oke." Ya ci gaba da taunarsa yana kallon ganyen mangwaro. Tunda yake bai taɓa yin rashin mutunci irin wannan ga baƙo ba, har gumi ya tsattsafo masa.

Yarinyar ta jira a ƙara mata. Ba a ƙara ba. Sannu a hankali ta matso, ta zauna a bakin tabarmar.

Ya tattaro duk abin da ya koya, haɗe da na reluwe. Ya nuna ɗakin ajiya, ya zana kwali a iska, ya yi cara a hankali irin ta zakara. Ta toshe baki. Ya nuna ƙirjinsa. "Ndako, no." Ya ɗaga yatsa ɗaya yana girgiza kai. Ya ɗaga na biyu. "No." Ya ɗaga na uku, ya ware hannuwa. "Yessa! Ai laik!"

Ta ƙura wa yatsun ido. Sai ta zabura ta shiga ciki, ta dawo da kwalin. Ta zazzage abin da ya rage a tafin hannunta, duk ya zama ɓarɓashi, ta miƙa masa.

"No," in ji shi, yana dafa ƙirji.

Ta sake miƙowa, bakinta na rawa don dariya.

"No, no."

Ta tura hannun har ƙarƙashin gemunsa. Ya karɓa da bisimilla ya watsa a baki. Ƙarar tana nan, ba laifi. Amma ɗanɗano babu. Kamar an shanya masara a rana har ta manta ita masara ce.

"Du yu laik it, Ndako?"

Ya buɗe baki zai ce madalla, kamar yadda ake yi. Sai ya tuna ita sau ɗaya take tambaya, kuma abin da aka faɗa mata shi take ɗauka.

"Ai don laik," ya ce.

Dariyar da ta yi sai da ta kwanta a kan tabarma. Hajiya ta leƙo da muciya a hannu, don tunda yarinyar ta zo ba a ji wannan sautin a gidan ba.

Da ta tashi zaune sai ta nuna farantin da haɓa. Ya ɗauki ɗaya ya miƙa. Ta dafa ƙirji kamar yadda ya yi, ta sunkuyar da kai. "A'a," ta ce, da Hausa. Ya sake miƙawa. "A'a, a'a." Ya kai shi har ƙarƙashin haɓarta. Ta karɓa, ta shinshina, ta gatsa.

Ƙaras.

Baba Ndatsu ya lumshe ido. Ita ce, ƙarar jiya, ba ragi.

"Kuranci?" ya tambaya.

Ta gyaɗa kai, baki cike, hannunta ya riga ya kai ga na biyu.

A haka Altine ta yi sallama, ta dawo daga talla da sauran nono a ƙwarya. Hajiya ta saya ta zuba a kofi, ta nufo yarinyar da shi, sai ta tsaya ta dubi mijinta. Ya ce ta miƙa kawai ta gani. Nabila ta dafa ƙirji ta ce a'a. Hajiya ta sake. A'a. A na uku ta karɓa da hannu biyu ta kafa kai, har farin nono ya yi mata gashin baki.

"Kun ga 'yar mutunci," in ji Hajiya, tana share ido da gefen mayafi. "Na ce muku kunya ce."

Altine ta naɗa gammo, ta ɗora ƙwarya a ka. Har ta kai bakin zaure sai ta juyo tana kallon yarinyar.

"To, Baba Ndatsu, kun dai koya mata. In ta koma can gobe, tana jin yunwa, ta dafa ƙirji ta ce a'a, wa zai sake yi mata tayi?"

Hajiya ta dubi mijinta. Shi kuwa yana kallon farantin, inda ɗan hannun ke laluben guntu na ƙarshe. Ƙaras, ƙaras, ƙaras.