Agogon Sai-Gobe

Sukurun ya kuɓuce daga bakin hantsaki ya faɗi ƙasa. Muka ji ƙararsa sau ɗaya, ba mu ƙara ji ba. Sai ga mu, tsofaffi biyu, durƙushe a kan simintin shagona muna lalube, ni ta wajen ƙofa, maƙwabcina ta ƙarƙashin tebur, muna neman abin da bai kai rabin ƙwayar shinkafa ba.

"Maigida," in ji shi daga ƙarƙashin tebur, "shekara nawa ka yi kana wannan rarrafe?"

Na ce masa arba'in da ɗoriya.

"To, shi ya sa ba ka da fara'a."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, har sai da na kama shi na zaunar a kujera. Ya girme ni da shekara biyu, amma tun da ya fara koyon aiki a hannuna, kwana uku ke nan, ba ya kirana sai da maigida.

Ni mai gyaran agogo ne. Shi kuwa ɗan wasan barkwanci ne a talabijin, bango ɗaya ya raba shagona da ɗakinsa. Shekara ashirin da uku yana fitowa kowane mako a matsayin wani mai gyaran agogo da ake kira Sai-Gobe, har sunan ya bi shi ya danne na yanka. A fitowar farko wata tsohuwa, Gwaggo, ta kawo masa agogon bango da mijinta ya bari. Tun daga ranar kowane mako sai ta zo karɓa, kowane mako sai ya ƙago sabon dalili: yau agogon yana hutawa, jibi hannunsa ne ya yi targaɗe. Daga ƙarshe ya ɗaga hannu ya ce, "Sai gobe, Gwaggo." Nan wasan ke ƙarewa.

Duk abin da yake yi a wasan, a wurina ya ɗauka. Yadda nake tura gilashin aiki bisa goshi sannan in tashi ina nemansa, da yadda nake kara agogo a kunne ina harare-harare, duk ya kwashe ya kai wa duniya. Na yi kusan shekara ina amsa gaisuwarsa a daƙile, domin duk wanda ya kawo mini aiki sai ya tambaye ni ko ni ma sai gobe. Marigayiya matata ce ta sasanta mu. Ta ce in kwantar da hankalina, wanda ba a ƙura masa ido ba, ba a kwaikwayonsa.

Da ciwon ƙirjinsa ya yi nisa, likita bai ɓoye masa komai ba, shi ma bai ɓoye wa abokan aikinsa ba. Daraktan wasan, wani matashi mai ladabi, ya zo har gida da takardun fitowarsa ta ƙarshe. Idon maƙwabcina ya riga ya dushe, saboda haka ya kawo mini in karanta masa. Ni ban san baƙi ba sai da na haura hamsin, a ajin manya, don haka karatuna a hankali yake, da yatsa bisa layi. An rubuta cewa ɗan Sai-Gobe ya aiko ya koma wurinsa ya huta, kuma kafin ya rufe shago zai miƙa wa Gwaggo agogonta yana aiki. A ƙasa aka ƙara bayani ga ma'aikata: za a sa ƙarar agogo daga baya, wani kuma zai ɓuya bayan bango yana juya hannayen.

Ya sa na maimaita masa wannan layin. Sannan ya karɓi takardar ya ninke.

"Shekara ashirin da uku ina yi wa matar nan ƙarya, mutane suna dariya, kuma sun san ƙarya ce," in ji shi. "Wannan kuwa za su ɗauka gaskiya ce. Ba zan yi sallama da su a kan haka ba."

Ya ce da hannunsa zai gyara agogon. Darakta ya yi ta roƙo, ya ce kwana tara suka rage a ɗauki wasan, kuma jikin Baba ba zai jure ba. Da ya ga babu sauƙi, sai ya sa aka ciro agogon daga bangon wurin wasa aka kawo shagona. Da zai tafi ya ja ni gefe, ya ce in Baba ya gaji, don Allah in ƙarasa a ɓoye.

Agogon na gaske ne, tsoho mai lilo, wanda ake wanawa da makulli. Ba a taɓa buɗe shi ba tun da aka fara wasan. Muka tarar da gidan zanzaro a ciki, mai ya daskare ya zama kamar ƙaro. Na nuna masa yadda ake kwance ƙafafun nan masu haƙora, a jera su bisa farin ƙyalle bi da bi, a wanke da kananzir. Kansa yana ja, hannunsa ne ke rawa. Na koya masa dabarar da maigidana ya koya mini: ka kafa tsintsiyar hannu a gefen tebur, ka saki numfashi, ka yi aikin kafin ka ja wani. Ya ce dabara ce mai kyau, sai dai an kawo ta ga wanda numfashinsa ya zama na aro.

A rana ta bakwai ya kasa tashi. Na ɗauki ƙaramin tebur na kai bakin gadonsa. Bayan azahar barci ya ɗauke shi, saura ƙafa ɗaya a ɗora. Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa tana murɗa gefen mayafi. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Malam, ka dubi Allah ka ƙarasa masa. Ba zai sani ba. Aikin nan yana cin sa."

Ba zan ɓoye ba, na ɗauki hantsaki. Aikin minti biyar ne a wurina. Na duba bisa farin ƙyalle, babu ƙafar. Na duba ƙasa, na ɗaga kwano, babu.

"Tana ƙarƙashin matashina, cikin gidan ashana," in ji shi, idonsa a rufe. "Na san ku."

Washegari ya ɗora ta. Sau shida tana zamewa, a na bakwai ta zauna. Na miƙa masa makulli ya wana mu gwada, ya ƙi. Ya ce sai gaban Gwaggo. Na ce masa babu mai gyaran da ke miƙa aiki bai gwada ba, kuma in agogon ya ƙi tashi a gaban jama'a, ni da shi duka mun ji kunya. Ya ce in ya ƙi tashi, ai Sai-Gobe ne, ba wanda zai yi mamaki.

Ranar ɗaukar wasan aka zo da mota, na raka shi. Ban taɓa zuwa wurin ba. Sai ga shagona a tsakiyar wani ƙaton ɗaki, bango uku babu na huɗu, fitilu a sama, har kujerata mai gajeriyar ƙafa an kwaikwaya. Aka rataye agogon, aka zaunar da shi a ƙarƙashinsa. Aka shafa masa hoda. Da darakta ya ba da alama, mutumin da na riƙo daga mota ya miƙe zaune kamar an zare masa shekara goma.

Gwaggo ta shigo da sandarta tana mita, kamar kullum. Ya gaya mata zai rufe shago. Sannan ya dafa tebur ya tashi, ya sa makulli ya wana, ya tura lilon da yatsa. Lilon ya je ya dawo sau huɗu, ya tsaya.

Daga inda nake na ga abin da ya faru: wanda ya rataye agogon ya karkatar da shi kaɗan zuwa hagu, irin wannan agogo kuwa ba ya tafiya a karkace. Ban taɓa gaya masa haka ba. Na buɗe baki, darakta ya riƙe hannuna.

Maƙwabcina ya dubi agogon. Ya shiga laluben aljihu yana neman gilashin da ke goshinsa, har wani ma'aikaci ya toshe baki. Ya kara kunne a jikin katakon, yana harare-harare. Sannan ya sa yatsa biyu a gindin agogon ya matsar da shi dama, gwargwadon faɗin farce, daidai yadda nake yi a shagona ban ma san ina yi ba. Ya sake tura lilon.

Ya je ya dawo, ya je ya dawo, bai tsaya ba.

Matar da ke fitowa a Gwaggo ta manta abin da aka rubuta mata. Ta tsaya da sanda a hannu, hawaye na wanke hodar fuskarta. Shi kuwa ya juyo ya dube ta sama da ƙasa.

"Ai na ce miki gobe, Gwaggo. Ke ce ba ki da haƙuri."

Ma'aikata suka fashe da dariya, wasu suna share ido. Darakta bai tsayar da ɗaukar ba, haka aka bar shi.

Bayan kwana goma sha ɗaya, da hantsi, Allah ya karɓi abinsa. Ba a nuna wasan ba sai bayan mako uku. Maƙwabta muka cika ɗakinsa da yamma, wasu a tsaye a bakin taga. Da aka zo wurin da ya matsar da agogon, wani tela da ke gefena ya zungure ni ya ce ashe almajirina ya fi ni. Na ce masa ban musa ba.

Darakta ya kawo wa matarsa agogon, ni na rataye mata shi a kan bangon da ya raba mu. Na sa masa ido mako biyu, ina gwada shi da nawa. Ba ya sauri, ba ya nawa. Aibinsa ɗaya: ranar wasan da ido ya saita hannayen, ya bar su minti bakwai a baya. Na ce mata bari in matsar, aikin yatsa ɗaya ne. Ta ce in bar shi inda mai shi ya ajiye.

Yanzu idan ƙarfe huɗu ta yi, agogan shagona sukan buga gaba ɗaya, su yi shiru. Sai in ajiye hantsaki, in tura gilashi bisa goshi, in jira. Can sai nasa ya buga ta bayan bango, shi kaɗai, sau huɗu.