Wa Ke Zuba Gawayin?

Sati biyu ke nan da Auta ta ajiye wa Baba Tururi rubutunta a kan tebur, shafi ɗari biyu a ɗaure da robar gashi, ko kusurwarsa bai ɗaga ba. Ba raini ba ne, tsoro ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kula da tukunyar tururi a sashen wanki na wani babban asibiti, har sunan ya bi shi gida. Amma littafin labari? Rabonsa da shi tun yana makaranta. Ga shi yarinyar ta ce nata irin wanda ake kira sitimfank ne, kuma Juma'a mai zuwa za ta aika wa masu buga littattafai.

"Baba, kai nake so ka fara karantawa," ta ce ranar farko. Yanzu ta daina tuni. Da safe sai ta dubi robar tana nan inda take, ta ɗauki jaka ta tafi kantin maganin da take aiki. Wannan kallon ne ke ci masa rai.

Sai ya yi dabara. Shi ba zai buɗe baki ya yi wa 'yarsa shirme ba, gara ya koyi abin a ɓoye tukuna. Ya saka rigarsa ta fita ya nufi laburaren unguwa, ya miƙa wa matar da ke kula da wurin takardar da ya rubuta kalmar a kai.

"Au, labaran zamanin tururi!" in ji ta. "Duniya ce da ba ta san fetur ba, Baba. Jirgin sama, mota, har mutum-mutumin tagulla, duk tururi ke tafiyar da su."

Baba ya gyara tsayuwa. "Tururi? Ashe gida aka zo. Ba ni mai kyau."

Washegari ya dawo da littafin da ta ba shi. "Jirgi ya kwana tara a sama. Wa ke zuba gawayin?"

"Baba, ai labari ne."

"Labari ne, sai wuta ta ci da kanta?"

Na biyu ma bai kwana biyu a hannunsa ba. "Yaron nan sai ƙara wuta yake, ko sau ɗaya bai dubi gilashin da ke nuna ruwan tukunya ba. Tukunya ta bushe kana hura mata wuta? Ai sai dai a tsinto ku a unguwar gaba!"

Na uku kam ya shige shi. Wata ɓarauniya ce da ke ɓuya a cikin hasumiyar agogo, kuma Baba ya bi ta har shafin ƙarshe, yana dariya shi kaɗai a kan bencin laburare. "Wannan ba laifi," ya ce. "Sai dai kowa tsaf-tsaf, ko ɗigon baƙi babu a rigarsa. Tabarau ɗin kare ido ma a kan hula suke ɗora shi. Hular ce ke gani?"

Matar ta yi dariya har da riƙe ciki. "Wai Baba me kake nema ne haka?"

Sai ya faɗa mata komai. Dariyar ta ɗauke.

"Haba Baba! Ka zauna kana karanta na baƙi, na 'yarka na kwance a tebur sama da sati biyu? Yau Alhamis fa, gobe za ta aika." Ta janye littafin da ta ciro masa ta mayar da shi cikin sauran littattafai. "Yau ko ɗaya ba zan ba ka ba. Tafi gida."

Kunya ta kama shi, don ya san gaskiyarta. Yana isa gida ya haɗa shayi, ya zauna, ya zare robar.

Ba da kyaftin labarin ya buɗe ba. Can ƙasan jirgi ya buɗe, inda wani tsoho ke tsaye da jiƙaƙƙen tsumma a wuya da shebur a hannu. Tsohon ba ya yarda da agogon auna ƙarfin tururi sai ya ƙwanƙwasa shi sau biyu da bayan yatsa. Kullum da safe yakan dafa tukunyar ya ce, "Mun tashi lafiya, tsohuwa?"

Baba ya ajiye kofin. Ya tuna Auta tana 'yar shekara bakwai, lokacin hutun makaranta, zaune a kan kifaffen bokiti a ƙofar ɗakin tukunya tana cin biskit. Shi a zatonsa gundura take yi. Ashe kallonsa take.

Da yamma ta dawo ta tarar da takardu baje a tebur, shayi ya huce, fensir maƙale a kunnen babanta. Ta tsaya a bakin ƙofa, jaka a hannu.

"Shafi na arba'in," ya ce bai ɗago ba. "Kin sa ya zuba ruwan sanyi a busasshiyar tukunya mai zafi. Wannan tsohon ba zai taɓa yin haka ba. Na san shi."

"To me zai yi?" ta tambaya.

"Ya janye wutar, ya jira ta huce." Ya turo mata kujera da ƙafa, ya share ido da bayan hannu. "Zauna mu gyara. Littafi uku na aro a satin nan, Auta. Ke kaɗai kika tuna da mai zuba gawayi."