Matatar Mai a Bayan Rumbu

Taƙaitaccen bayani: a watan Maris na shekarar 2024, wani manomin rani mai suna Ja'afaru Iliyasu, mazaunin wani ƙauye a gabashin Minjibir, ya kafa matatar mai a bayan rumbunsa ba tare da izinin kowace hukuma ba. Matatar ta yi aiki kwana biyu, ta samar da lita goma sha ɗaya, sannan ta rufe. Ba a yi asarar rai ba. Mai wannan rubutu yayansa ne, tsohon akawu, kuma yana da hannu a ciki kamar yadda za a gani.

Ja'afaru yana noma fadamar da mahaifinmu ya bari a bakin rafi, kuma a wannan shekarar tattasai ya dasa, fangali tamanin. Da kuɗin tattasan yake sayen takin damina, da geron damina yake ciyar da mutum tara. Tattasai kuwa idan ya fara fure ya yi kwana uku babu ruwa, sai ya zubar. Injin ban-ruwansa yana shan lita huɗu a kowane zagaye. Jigon ɗibar ruwa na mahaifinmu mun daɗe da tumɓuke shi, tun lokacin da aka tabbatar mana cewa ci gaba ya iso.

Da aka janye tallafi, kuɗin fetur ya ninka uku. Ja'afaru ya sayar da tunkiya, daga baya ya bi da 'yarta. Azumi ya kama, ya rage masa galan guda, kuma saura mako uku a yi tsinkar farko.

Wata rana bayan la'asar ya same ni a dakali, ya ce, "Yaya, ku da kuka yi boko, wai man nan ba a ƙasarmu yake ba?"

Na gyara murya irin ta karanta sanarwa. Na ce, "Ɗanyen namu ne. Tacewar ce ke cin kuɗi. A dafa shi, a tace, a yi dakonsa, kowa ya ɗora ladansa."

"A dafa, a tace. Shi ke nan?"

"A taƙaice."

"To ai kullum abin da Sauda take yi ke nan."

Na yi dariya na bar zancen. Shekara talatin da biyar a ofis sun koya mini cewa magana ba ta zama aiki sai an rubuta ta kwafi uku.

Sauda matarsa ce, kuma duk ƙauyen man gyaɗarta ake saye. Tana da babbar tukunyar ƙarfe wadda ta gada daga mahaifiyarta. Washegari Ja'afaru ya tafi Minjibir a kan keke, ya dawo da jarka biyu na baƙin man da ake juyewa daga motoci. A fahimtarsa, abin da yake baƙi mai kauri shi ne ɗanye. Itacen girki ba zai isa ba, sai ya ba wa mai sayar da itace ɗorawar kan iyakar gonarmu a tsaye, tana tsakiyar fure, aka ba shi busasshen itace amalanke guda. Rabin ɗorawar nawa ne. Ba a nemi sa hannuna ba.

A rana ta biyu na je duba aiki. Na tarar da shi yana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan a tukunyar yana tuƙawa da muciya, daidai yadda ake yi wa niƙaƙƙiyar gyaɗa. Hannunsa na dama ɗaure yake da tsumma, don man ya fantsama masa.

Na ce, "Ruwan na mene ne?"

"Sai da ruwan zafi mai yake tasowa, Yaya. Tambayi Sauda."

Sauda tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Kada a sa ni a ciki. Ni gyaɗa na sani. Malam, tukunyar nan da ita nake cin abinci."

Ja'afaru ya ce, "Da ita muke ci duka. Toka za ta wanke ta."

Ya tace abin sau uku da tsohon mayafinta, ya fito da launin shayi marar madara, lita bakwai. Ya shinshina, bai ji ƙanshin fetur ba. Sai ya ɗauko galan ɗinsa na ƙarshe.

"Kamar nono ne," in ji shi. "Sai an zuba tsohon kafin sabon ya kama."

A nan ne ya kamata in yi magana. Amma na haɗa bakwai da huɗu, na ga ban-ruwa kusan uku a maimakon ɗaya, kuma adadin ya yi mini kyau a ido. Ni na riƙe masa mazurari.

Injin ya tashi a ja na biyar. Ruwa ya bi tiyo har fangali na uku, Ja'afaru ya dube ni yana murmushi. Daga nan injin ya fara tari da hayaƙi, ya mutu. Ya yi ta tayar da shi yana mutuwa har igiyar ta ƙi jawuwa.

Tahir bakanike ya buɗe tankin, ya shinshina, ya ce, "Malam Ja'afaru, miya kuka ba shi?" Da ya kwance shi kuma sai ya daina raha. "Ya buga. Gyaransa ya kusa kuɗin sabo."

Kwana huɗu muka yi muna ɗibar ruwa da bokiti, ni da shi da Sauda, da azumi a bakinmu. Fangali shida na bakin rafi suka rayu. Sauran muna kallo furensu ya zube ya rufe ƙasa.

Sauda ta wanke tukunyar da toka da yashi sau bakwai. Man farko da ta yi, mai ƙosai ta dawo mata da shi, ta ce masu saye suna tambaya ko a gareji take suya. Bayan Sallah Ja'afaru ya tafi Ungogo ɗaukar bulo a wurin masu gini. Geron bana babu taki aka shuka shi.

Abin da matatar ta ci: ɗorawa ɗaya, injin ban-ruwa ɗaya, fetur mai kyau lita huɗu, tukunya ɗaya da masu sayen man da ke bin ta, mayafi ɗaya, fatar bayan hannu, tattasai fangali saba'in da huɗu, manomi ɗaya.

Abin da ta samar: lita goma sha ɗaya. Tara suna nan a jarka a bayan rumbu.