Jirgin Ƙasa a Garin da Babu Dogo

Tun da aka rufe ramin ma'adinin da Almu ya shekara ashirin yana gadi, aikinsa ya koma zaman zaure da lura da mutanen gidansa. Abin da ya gani kuwa bai kwanta masa ba.

Duk Lahadi bayan la'asar, Mansur, ɗansa na fari, sai ya rufe rumfar waldarsa ya dawo gida ya tsare gaban tele. Shiri ɗaya yake kallo: wani Bature mai jar hula yana zaga ƙasarsu cikin jirgin ƙasa, ya sauka wannan tasha ya ci abinci, ya leƙa ta taga yana nuna gonaki. Mansur bai damu da gonakin ba. Da an nuno ƙarafan dogo sai ya matso, ya ɗauki hoto da waya, ya duƙa yana rubutu cikin kaye, littafin rubutu irin na 'yan makaranta.

Arlit dai babu dogo, ba a taɓa jin kukan jirgi ba. To me saurayi ɗan shekara ashirin da uku yake nema a ciki? Almu yana ganin ya san amsar. A garin nan, in saurayi ya fara kallon ƙasar Turawa yana rubuce-rubuce, arewa ya nufa: Assamaka, Aljeriya, sai teku. Haka ɗan maƙwabcinsa Nomau ya tafi bara. Bidonsa, jarkar ruwan tafiya, shi kaɗai aka dawo da shi, da sunansa a jiki.

Tambayarsa kuwa ba ta yiwuwa. Ɗan fari ne. Almu bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama da shi a tabarma ɗaya ba. In Mansur ya shigo zaure da magana a bakinsa, sai uban ya tuna yana da alwala.

"Yaron nan yana da wani nufi," ya ce wa matarsa Hawa.

"Wane namiji ne ba shi da nufi, Malam?"

"Ke ma bakinku ɗaya."

"To ka tambaye shi mana. Ko in ara maka baki?"

Almu ya tashi ya koma zaure. Ranar Litinin ya ga an wanke kaya an shanya, ya ga sabuwar jaka a bayan ƙofa. Da Mansur ya fita masallaci, Almu ya shiga ɗakinsa, ya ɗaga katifa, ya zare katin shaidarsa na ɗan ƙasa, ya cusa cikin gafakar Alƙur'ani. Wanda ba shi da kati, ina za shi?

Laraba bayan asuba Mansur ya durƙusa ya gaishe shi, ya daɗe bai tashi ba.

"Baba, a sa mini albarka."

"Allah ya yi albarka," in ji Almu, yana kallon bango.

Ko koko Almu bai sha ba ya nufi bayan gari, inda motocin arewa ke lodi. Nan ya tarar da Ismaghil, tsohon direban sahara, yana ɗaure bidon a gefen mota.

"Mai gadi, yau gadinmu za ka yi?"

"In ka ga yarona, kada ka ɗauke shi."

"Wane cikinsu? Ba ya da suna?"

"Mai walda."

Ismaghil ya yi dariya cikin rawaninsa. "Ku Hausawa. Ka haifi mutum, sunansa ya fi ƙarfin bakinka. Wallahi bai zo wurina ba."

Almu bai yarda ba, don direba ba ya tona fasinjansa. Ya sami inuwar wata matacciyar babbar mota ya zauna. Duk motar da ta tashi sai ya zagaya ta yana leƙa fuskoki, har da masu zuwa haƙar zinariya Cibarakaten. Wani yaro ya rufe fuska da rawani, Almu ya sa aka kware, ashe baƙo ne. Ya ba da haƙuri. Har azahar bai ga ɗansa ba.

Ya dawo gida ya tarar da Hawa riƙe da waya.

"Ya tafi," ta ce. "Motar Agadas ta ƙarfe bakwai."

"Agadas? Kudu?"

"Maraɗi za shi. An ce ana shimfiɗa dogo daga Kano zuwa can, ana neman masu walda. Sau uku yana zuwa ya gaya maka, kana tashi alwala."

Ta miƙa masa kayen. Ya buɗe. Babu sunan gari ko ɗaya. Zane ne na ƙarfe biyu baki da baki, da ƙusoshi, da awo.

"Wa ya gaya masa ana ɗauka? Haka suke yaudarar yara."

"Wannan sai ya je ya gani. Ba shi ne damuwar ba. Yanzu ya bugo, jandarma sun sauke shi a shingen hanya, mota ta wuce ta bar shi. Ba shi da kati. Sun ce saurayi daga Arlit babu takarda, ɗan ci-ranin da aka koro daga Aljeriya ne, sai sun bincika. Daren jiya ya birkice ɗaki yana nema." Ta dube shi. "Ban san wanda ya shiga ɗakin nan ba."

Almu ya dubi gafakar da ke rataye. In ya bar katin inda yake, ƙila a dawo masa da yaron gobe. Ya daɗe yana juya wannan a ransa. Sannan ya sauko da gafaka, Hawa kuwa ta juya tana gyaran murhun da ba wuta.

A tasha ya sami wata ƙaramar mota tana shirin tashi zuwa Agadas. Ya ba direban katin, ya kwatanta masa shingen.

"Baba, ni ban yi lakkwal ba, ban iya karatu ba," in ji direban, yana jujjuya katin. "In na isa, wa zan kira?"

"Dogo ne, baƙi, da tabon wuta a hannu."

"Duk masu walda haka suke. Sunansa."

Almu ya waiwaya hagu da dama. Ba kowa sai mai sayar da dabino.

"Mansur," ya ce. Ya gyara murya. "Mansur Almu. Ka ce ya bugo in ya isa Maraɗi. Ni zai bugo wa, ba uwarsa ba."