Almakashin Clive Pennock

Clive Pennock ɓarawo ne. Na faɗa masa a gaban idonsa, kuma ga shi ina rubutawa. Bai taɓa fasa gidan kowa ba, bai zura hannu a aljihun kowa ba. Da ɗan almakashi yake satarsa, kuma saboda abin da yake ɗauka bai wuce girman kan sarki ba, mutane suka daɗe suna kiran abin wasa.

Shi ne mai juya injin majigi a wata kwaleji da ke babban gari. Ni nake juya namu a ɗakin karatu na garinmu, nan bakin teku, ran Asabar da rana in na tashi daga gyaran jiragen kamun kifi. Tsofaffin fina-finai muke nunawa, haya muke ɗaukowa daga kamfanonin da suka yi su. Fim ba ya komawa London bayan kowane kallo. In kwaleji ta gama, sai ta ɗaure faya-fayan a akwatinsu ta ɗora a jirgin ƙasa zuwa ga na gaba a layi, kuma sau da yawa mu ne na gaban.

Masu majigi suna da wata mummunar ɗabi'a. Zaren fim jerin ƙananan hotuna ne da suke gudu gaban fitila. In fim ya zo da kyakkyawar 'yar wasa, sai mutum ya yanke hoto biyu ko uku daga inda ta fi kyau, ya haɗe zaren da gam, ya ajiye abinsa. Cewa suke yi ido ba ya ganewa. Haka ne, in mutum ɗaya ya yi. Amma fim yana shekaru yana yawo, kuma dukansu wuri ɗaya suke so.

Da bazarar 1974 Misis Hilda Storr ta same ni ina jera kujeru. Ta haura saba'in a lokacin, tana tafe tana laluben bango da hannu.

"Norris, an ce kai ne sarkin majigi yanzu," ta ce. "Uwarka ta zaci a kurkuku za ka ƙare."

"Da sauran lokaci, Misis Storr. Zauna."

"Ba zama na zo yi ba. Akwai fim ɗin da suka zo suka yi a tashar jiragenmu kafin yaƙin duniya na biyu. Jonty yana ciki. Shi ya kama hannun 'yar wasan fim ɗin ya sauko da ita daga kwalekwale. Mako guda yana yi mini fariya da hannun, har na ce in bai wanke shi ba ya je ya kwana da kifi."

Jonty mijinta ne. Jirgin ruwansu ya taka nakiya a lokacin yaƙi, ba a samu gawar kowa ba. Hotonsa ɗaya da take da shi, na ranar aurensu, ambaliyar 1953 ta tafi da shi tare da rabin kayan gidanta.

"Likita ya ce kafin sanyi ya shigo idon nan zai rufe," ta ce. "Kuma fuskarsa ta fara kuɓuce mini. Ina tuna hularsa, ina tuna tarinsa da safe, fuskar ce ba ta zuwa. Ka samo mini shi in gani sau ɗaya, ɗan nan. Sau ɗaya ya ishe ni."

Na buga wa kamfanin waya. Matar da ke kula da haya ta ce fim ɗin yana nan, amma kwafi ɗaya tak ya rage, uwar fim ɗin da ake buga kwafi daga gare ta ta ƙone a rumbu lokacin yaƙi. Ta ce yana wajen wasu har ƙarshen damina, kwaleji za ta nuna shi ran wata Talata a watan Oktoba, mu kuma Asabar ɗin da ke biye. Na karɓa.

Ran Talatar nan, Mavis, 'yar ƙanwar Hilda, wadda take aiki a babban gari, ta je kwalejin ta kalla. Washegari ta zo da labari. Jonty yana nan, ta ce. Wurin ya yi gajere ƙwarai, yana ɗan tsalle, amma ana ganinsa sarai, yana dariya, har da giɓinsa.

"Giɓi," Hilda ta ce. "Na mance da giɓin."

Akwatin ya kamata ya iso ran Alhamis. Bai iso ba sai Asabar da tsakar rana, mutane sun fara shigowa. Ban samu damar bin zaren da hannu ba kamar yadda na saba, na ɗora shi a inji yadda ya zo. Mun sa Hilda a kujerar gaba, dab da farin ƙyallen, cikin rigarta ta zuwa coci. Rabin tsofaffin garin suna bayanta.

Aka kashe fitila. Tasharmu ta fito kamar yadda take a da, mutane suna ta nuna gidajen da aka rushe. Sai ga kwalekwale yana matsowa, matar tana tsaye a ciki da farar hula. Mavis ta kama hannun Hilda ta ce, "Yanzu, Inna, kada ki ƙifta." Injin ya yi ɗan ƙara. Matar tana kan tudu tana tafiya.

Babu saukowa, babu Jonty.

Na tsayar da injin, na kunna fitila, na jawo zaren na duba. Haɗin sabo ne fil, gam ɗin ma bai daina wari ba.

"Ya wuce ne?" Hilda ta tambaya. "Ni ce ban gani ba?"

Ni na sauko na tsuguna gabanta na ce, "Ba idonki ba ne, Misis Storr. An yanke wurin."

Ta gyara zama. Can ta ce, "To, ka ƙarasa musu fim ɗinsu. Sun fito cikin ruwan sama."

Ran Litinin ban je aiki ba, na hau jirgin ƙasa zuwa babban gari. Na samu Pennock a ɗan ɗakinsa bayan zauren kwalejin, ya miƙe ƙafa kan akwatin faifai yana cin burodi da cuku.

"A'a, limamin bakin teku," ya ce. "Wa'azi ka kawo ko kifi?"

"Abin da ka yanke na zo karɓa."

"Ni kaɗai nake yanka a ƙasar nan? Kafin ya zo hannuna mutum nawa suka ɗiba? Ɗan abin da ya rage ma tsalle yake yi, kunya yake ba ni gaban ɗalibai. Gyara na yi maka."

"Ai da ka gyara tun ran Talata kafin ka nuna wa ɗalibanka. Bayan ka gama amfaninka ka yanke."

Ya yi dariya, ya nuna mini kan teburinsa. Akwai wata fitila a wurin, ya rufe hularta kaf da guntayen fim, fuskokin mata jere kamar ɓawon kifi. Ya kunna ta don in yaba. A ƙasa-ƙasa ga sabon layi, matar mai farar hula, ta maimaitu daga wannan gefe zuwa wancan. Kowane hoto an rage masa rabi.

"Ina ɗaya rabin?" na ce.

"Wane rabi?"

"Mutumin da ya kama hannunta."

"Wannan mai giɓin? Haba, Norris. Wani masunci ne suka tsinto, ko sunansa babu a fim ɗin. Wa zai sa shi a fitila? Yana kwandon shara."

Na duba kwandon. Babu kome sai ɓawon lemo. Ya ce ran Juma'a ake kwashewa, a ƙona a tukunyar ɗumama gini.

Na gaya masa ko wane ne mai giɓin, da wadda ta zauna a kujerar gaba. Ya daina tauna na ɗan lokaci. Sannan ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ina zan sani? Sai su rubuta a jikin akwatin fim ɗin." Irinsa kullum haka suke. Ba su san kome ba, domin ba su taɓa tambaya ba, kuma suna ganin rashin tambayar ya wanke su.

Na fizge guntu ɗaya daga fitilar na fita. A bakin yankan, kusa da yatsun matar, akwai hannun namiji zuwa wuyan hannu. Shi ke nan abin da ya rage na Jonty Storr a duniya.

Na aro injin haska hoto na kai gidan Hilda, muka ja labule, na haska guntun a bangon ɗakin girkinta. Hannun ya cika rabin bango. Ta tashi ta matsa har inuwarta ta rufe shi, ta ja baya, ta sake matsawa. Ta daɗe tana kallo, Mavis tana tsaye bakin murhu ta kasa ɗago kai.

"Hannu ne," Hilda ta ce. "Zai iya zama na kowa."

"Nasa ne, Misis Storr."

"Na yarda da kai, ɗan nan. Kashe abin, yana sa mini ciwon kai. Mavis, zuba masa shayi, ya yi wahala."

Na rubuta wa kowace ƙungiyar majigi da na sani, ko akwai wanda ya taɓa yanka daga wurin nan ya ajiye. Mutum biyu suka amsa, kowanne ya rantse bai taɓa riƙe almakashi ba. Sauran ba su ce uffan ba. Kafin Kirsimeti idon Hilda ya rufe gaba ɗaya. Ta rayu shekara biyu bayan haka, ba ta sake ambatar fim ɗin ba, kuma in aka kira sunan Jonty sai ta juya kai wajen bango.

Na kai ƙarar Pennock wajen kamfanin, na ba su sunan Mavis a matsayin shaida. Suka aiko mutum ya ga fitilar. Kamfanin ya hana kwalejin haya, sauran kamfanoni suka bi sahu, kwalejin ta kore shi kafin sabuwar shekara. Babu gidan majigi a arewacin ƙasar da ya yarda ya sake ba shi zare ya riƙe. Yana gadin wurin ajiye motoci a bayan kasuwa, a tsaye, rani da sanyi.